Kifin da Ban Kama Ba a Tafkin Nasir

Kawuna ne ya ja ni. Da ni kaɗai ne, da na gama taron aikin da ya kai ni Alƙahira sai in leƙa dalar Giza, in ɗauki hoto kamar kowa, in juyo abina. Amma shi tun da ya yi ritaya ba shi da zance sai na fatsa, kuma ya daɗe yana ambaton wani tafki a kudancin Masar wanda ya ce giwan ruwan cikinsa yakan kai girman mutum. Da ya ji ina da 'yan kwanaki a hannu, sai ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama, ya biyo ni.

"Kawu, ni fa ban taɓa riƙe sandar fatsa ba."

"Shi ya sa zan tafi da kai. Wanda ya iya ai ba ya jin magana."

Jirgin ƙasa muka hau da dare, muka bi gefen Kogin Nilu kusan kilomita 900 zuwa Aswan. Ba abin da zan ba da labari a wannan tafiyar, barci na yi. Da safe mota ta kai mu saman babbar madatsar ruwan, a nan ne idona ya buɗe. Ka juya arewa, ga kogin ya fito siriri yana gangarawa tsakanin duwatsu. Ka juya kudu, sai ruwa har iya ganinka, shuɗi, kwance a tsakiyar hamada kamar an yi kuskuren ajiye teku a wurin. An fara ginin madatsar a 1960 da taimakon Tarayyar Sobiyat, aka gama a 1970, tsayinta mita 111. Jamal Abdul Nasir, shugaban Masar na wancan lokacin wanda tafkin ya ci sunansa, bai ga bikin buɗe ta ba, ya rasu 'yan watanni kafin a yi shi a Janairun 1971. Ruwan da ta tare ya koma baya wajen kilomita 500, har ya ƙetara cikin Sudan, inda suke ce masa Tafkin Nubiya.

Ba a shiga tafkin haka kawai, sai da takardar izini, amma Kawu ya riga ya gama wannan tun kafin mu iso. Jirginmu ƙarami ne, mai inji a baya da rumfa a tsakiya. Mai tuƙa shi wani dattijo ne Banube, siriri, baƙi, wanda magana take yi wa tsada. Rayyis ake kiran masu jan ragamar jirgi a can, mu ma haka muka riƙa kiransa har muka rabu. Kawu yana da ɗan Larabcinsa, ni kuma nawa na makaranta ya daɗe da yin tsatsa, don haka yawancin hirata da Rayyis da hannu da gira aka yi ta.

Muna barin tasha muka wuce haikalin Kalabsha a kan wani tudu. Ba nan ne mazauninsa na asali ba. Da ruwa ya tashi zuwa, sai aka kwance shi dutse bayan dutse aka sake harhaɗa shi a nan. Kawu ya nuna min, na ɗaga waya zan ɗauka, sai na lura sandunan sabis sun koma ɗaya. Kafin azahar ɗayar ma ta tafi. Na yi ta ɗaga wayar sama kamar mai roƙon ruwa. Rayyis ya dube ni, ya dubi Kawu, bai ce komai ba.

Fatsar ranar farko ta ja ce. Ana ɗaura kifin roba mai tsawon tafin hannu ko fiye, mai ƙugiyoyi a cikinsa da jelarsa, a sake masa zare mai nisa a bayan jirgi, jirgin ya riƙa tafiya sannu a hankali. Akwai wani ɗan harshe a gaban kifin robar da ke sa shi nitsewa yana kaɗa jiki kamar mai rai. Aikinka kawai ka riƙe sanda ka ji wannan kaɗawar tana zuwa hannunka. Rayyis ba ya bin tsakiyar ruwa. Gefen duwatsu yake bi, inda ƙasa take yankewa ta faɗa zurfi, domin giwan ruwa ɗan kwanto ne. Ba ya wahalar da kansa da bin ƙananan kifaye, laɓewa yake yi a inuwar dutse ya jira wanda tsautsayi zai kawo.

Awa ɗaya, ba komai. Awa biyu, ba komai. Na naɗo zaren na duba ko kifin robar ya faɗi. Yana nan. Na sake shi. Bayan minti goma na sake naɗowa.

"Ɗan nan, kifin da ke cikin jirgi ba ya kama kifi. Mayar da shi ruwa."

"Kawu, anya akwai kifi a wurin nan kuwa?"

"Akwai. Shi ma haka yake tambaya game da kai."

In faɗi gaskiya, a ranar haushi nake ji. Na zo da lissafi irin na ofis: an kashe lokaci kaza, ya kamata a ga sakamako kaza. Har na riga na tsara hoton a raina, ni a tsaye na rungumi ƙaton kifi, da maganar da zan rubuta a ƙarƙashinsa. Ga rana tana dukan ruwa tana dawowa fuskata, ga ƙugin inji, ga duwatsu masu kama da juna. Hannuna kuma sai kai wa aljihu yake yi shi kaɗai, yana neman wayar da ba ta da abin faɗa min.

Da la'asar sakaliya Rayyis ya karkata ya shiga wani lungu. Tafkin cike yake da irinsu, tsofaffin kwarurrukan hamada ne da ruwa ya cika, wasu sukan yi nisan kilomitoci cikin yashi. Ya kashe inji. Ban san kunnena ya gaji ba sai a lokacin. Shirun da ya sauko mai nauyi ne, har kana jin ɗigar ruwa daga igiyar da aka ɗaure jirgi. A jikin duwatsu akwai zane-zane farare a jere, wani bisa wani, shaidar inda ruwa ya taɓa kaiwa, don tafkin yakan cika idan ruwan daminar tsaunukan Habasha ya iso, ya kuma ja baya a hankali cikin shekara.

Kawu ya ajiye manyan sandunan ya ɗauko wata 'yar siririya. Ƙaramar ƙugiya, ɗan dalma don ta nitse, sai wani guntun roba ja mai iyo a kan ruwa wanda yake kira ɗan tsegumi, wai shi ke kawo rahoton abin da ake yi a ƙasa. Ya miƙo min ya ce in zauna a kan dutse in zuba masa ido, kada in yi komai.

To, a nan ne abin ya fara kama ni, ko da yake ban gane ba sai daga baya. Ɗan tsegumi yana zaune. Iska ta ɗan taɓa shi, ya jirkice, ya dawo. Wani mazari ya zo ya sauka a kansa, ya buɗe fukafukai, ya tashi. Sai ya yi ɗan rawa, sau ɗaya, zobe ya buɗe a kewayensa ya tafi. Na riƙe numfashi. Ya sake yi, sau biyu a jere. Ya ɗan ja gefe kamar mai shawara. Sai ya tsaya cik. Na jira, na jira, na ɗago, ƙugiya fayau, an cinye abin da ke jiki an bar min ƙarfe. Na sake sawa na jefa. Da na ɗago kai rana ta faɗi, duwatsu sun yi ja, kuma na fi awa ɗaya ban tuna da aljihuna ba. Karfasa biyu ƙanana Kawu ya kama a gefena ya mayar. Ni ko ɗaya.

Dare a can sanyi gare shi, a watan Nuwamba muka je. Muka kwanta a saman jirgi cikin barguna. Yankin Aswan yana cikin wuraren da suka fi ƙarancin ruwan sama a duniya, ba gajimare, ba fitilar gari, taurari sun yi yawa har sun rasa tsari. Can cikin dare dila ya yi kuka a bayan tudu. Na yi barcin da rabona da irinsa tun ina yaro.

Asubar fari aka tashe ni, domin kifi da lokacinsa. Jikinsa zafin ruwan da yake ciki yake ɗauka, idan rana ta take sai ya gangara inda ya fi sanyi da duhu, amma da sassafe da kuma gab da magariba yakan matso bakin gaɓa neman abin kai wa baki. Muna cikin lallaɓawa gefen wani dutse, inji a kashe, sai filaya ta kuɓuce daga hannuna ta faɗi a kan ƙarfen jirgi, ƙwal. Rayyis ya rufe ido kamar an taka masa ƙafa. Ya ta da inji muka bar wurin baki ɗaya. Kawu ne ya yi min bayani: sauti a cikin ruwa ya ninka na iska gudu fiye da sau huɗu, wajen mita 1,500 a daƙiƙa, ga shi kuma kifi yana da wani layi a gefen jikinsa tun daga kai har jela da yake jin motsin ruwa da shi. Wato na yi wa duk kifin unguwar sallama. Tun daga ranar na koyi ajiye abu a hankali, na koyi taka ƙafa a hankali, kuma abin mamaki, mutum idan ya rage ƙarar hannunsa sai ta cikin kansa ma ta ragu.

A ranar ne tsage ya yi min wulaƙanci. Na ji an fizgi sanda kamar an mare ta, kafin in ce me, zare ya dawo sakayau, an datse shi kamar da almakashi. Haƙoran tsage a waje suke, masu tsini, suna shiga tsakanin juna, shi ya sa masu nemansa suke sa guntun waya tsakanin zare da ƙugiya. Kawu ya faɗa min tun farko, ni na ga wayar tana ɓata min tsari na cire. Ba a fafe gora ranar tafiya, in ji shi, ya miƙo min wata.

Wani abu da ya ba ni sha'awa shi ne, duk kifin da Rayyis ya kira da Larabci, Kawu yana da sunansa da Hausa: giwan ruwa, karfasa, tsage, tarwaɗa, ƙurungu, har da minjirya mai jan mutum kamar lantarki. Ba abin mamaki ba ne, yawancin kifayen Nilu su ne a Kogin Kwara da Tafkin Cadi. Suka yi ta musayar sunaye suna dariya, dattawa biyu da ba su taɓa ganin juna ba sai jiya.

Rana ta uku ba a taɓa ƙugiyar kowa ba daga fitowar rana har faɗuwarta, kuma ita ce ranar da na fi tunawa.

Na yi ta tunanin dalilin da ya sa zaman bai gundure ni ba, alhali a gida ko minti biyar ba na iya yi ba tare da na latsa wani abu ba. Abin da na fahimta shi ne, zaman banza da zaman fatsa ba ɗaya ba ne. Idan aka ce maka zauna ka huta, zuciyarka sai ta ga fili, ta kwaso bashi da alkawari da maganar da wani ya faɗa maka bara. Amma fatsa tana ba ta ɗan aiki, ƙarami ƙwarai, daidai wanda zai riƙe ta: dubi zare, ji sanda, lura da inuwar can. Kamar yadda ake ba yaro mai ƙiriniya abin wasa don manya su samu su yi magana. Damuwar takan zo, ban ce ba ta zuwa ba. Na tuna rahoton da ban gama ba, na tuna wani saɓani da na baro. Sai dai ba ta samun wurin zama. Kafin ta shimfiɗa tabarma, ɗan tsegumi ya motsa, ta tashi ta ba shi wuri. Kuma tsammanin nan na cewa yanzu-yanzu wani abu zai iya faruwa shi ne gishirin abin. Ba don shi ba, da kallon ruwa kawai ake yi, ni kuwa na san kaina, ba zan jure ba.

Ido ma yakan canza. Duwatsun da na ce suna kama da juna, ashe kowanne da kamarsa. Na ga zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya a bakin ruwa, ya fi ni haƙuri nesa ba kusa ba, ya kuma fi ni sa'a. Kwasa-kwasai suka wuce a jere ƙasa-ƙasa, fukafukansu na neman taɓa ruwa. Da rana tsaka Rayyis ya taɓa kafaɗata ya nuna wani gungume a kan yashi. Na daɗe ina kallo kafin gungumen ya buɗe baki. Kada ne. A Masar ta yau kusan a tafkin nan kaɗai suka rage, madatsar ta raba su da sauran kogin. Daga nan na daina sa ƙafa a ruwa, duk zafin da ake yi.

Wajen la'asar na lura Kawu ya fi awa bai ɗago ƙugiyarsa ba. Na ce ko in duba masa. Na ɗago, ba komai a jiki.

"Kawu, ai an cinye tun ɗazu."

"Ba a cinye ba. Ban sa ba."

"Don me?"

"In na sa, wani zai zo ya dame ni."

Ya gyara hularsa ya mayar da ƙugiyar ruwa yadda take.

Da yammar nan, muna ratsa wani fili na ruwa da ba tudu ba tsibiri, Rayyis ya rage wuta ya nuna ƙasa da yatsa, ya yi magana mafi tsawo da na ji daga bakinsa. Kawu ya fassara min: ta wajen nan ƙauyen iyayensa yake, da gidajensu da dabinansu da makabartarsu. Yana ƙaramin yaro aka kwashe su. Nubawa sun kai dubu 100 da aka tasa a Masar da Sudan saboda wannan ruwa, tsohon garin Wadi Halfa ma yana ƙarƙashinsa. Duniya ta haɗa kuɗi da injiniyoyi ƙarƙashin UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tsakanin 1964 da 1968 aka yanka haikalin Abu Simbel gunduwa-gunduwa aka ɗaga shi mita 65 sama don kada ya nitse. Gidan laka kuwa ba mai ɗaga shi. Ban ji daɗin kaina ba a lokacin, ni da na zo hutawa a kan rufin gidan wani. Na dubi Rayyis ko zan ga ɓacin rai, ban gani ba. Ya ɗan jima yana kallon ruwan, ya ƙara wuta muka wuce. Abu Simbel ɗin ma ba mu kai ba, yana can kudu da nisa, kusa da iyakar Sudan.

Ranar ƙarshe, da hantsi, muna kan hanyar dawowa, na ma daina tsammani. Na jingina sanda a cinya ina kallon wani tsuntsu. Sai jirgin ya zama kamar ya maƙale. Na ɗauka dutse ƙugiyar ta kama, har na buɗe baki zan ba da haƙuri, sai dutsen ya fara tafiya. Sanda ta lanƙwashe, zare ya riƙa fita da ƙara, zuuu, Rayyis ya kashe inji yana faɗin abin da ban gane ba, Kawu yana cewa ɗaga sanda, ɗaga sanda, bar shi ya ja. A jikin abin naɗe zaren akwai ɗan maɓalli da ke sa zare ya riƙa sakuwa idan kifi ya ja da ƙarfi, don ya gaji ba tare da ya tsinka ba. Na san wannan, an koya min. Amma da na ga zare yana ƙarewa sai tsoro ya kama ni, na murɗa maɓallin na ƙulle.

Sai ya fito. Can nesa kaɗan ruwa ya tsage, wani abu fari kamar azurfa ya taso rabin jikinsa a waje, baki a wangale kamar bokiti, ya girgiza kai hagu da dama, ruwa na tartsatsi. Na ga idonsa. Ya koma da ƙara kamar an jefa buhu, zare ya saki. Na naɗo kifin robar, ɗaya daga cikin ƙugiyoyinsa ta miƙe sambal.

Ba zan faɗi nauyinsa ba, don duk abin da na faɗa ƙarya ce. Giwan ruwa yakan wuce kilo 100, nawa bai kai ko kusa ba, amma ya fi duk wani abu mai rai da na taɓa ja da hannuna. Gwiwoyina suka riƙa kaɗawa, na zauna a ƙasan jirgi. Na jira haushin ranar farko ya zo, bai zo ba, dariya ce ta zo, irin wadda ba ta tsayawa. Rayyis ya karɓi kifin robar ya juya shi, ya gwada miƙaƙƙiyar ƙugiyar da babban yatsa, ya gyaɗa kai, ya sa min shi a aljihun riga.

Kawu ne ya kama nasa bayan kamar rabin awa, matsakaici, tsawon hannu. Bai fitar da shi daga ruwa ba sai na ɗan lokacin cire ƙugiya. Ya riƙe shi a gefen jirgi, hannu ɗaya a ƙarƙashin ciki, yana kai shi gaba a hankali don ruwa ya ratsa ta bakinsa, har kifin ya dawo hayyacinsa ya buga jela ya jiƙa masa fuska. Na tuna da hoto bayan ya tafi.

Da madatsar ta fara bayyana, wayata ta farka a cikin jaka, ta yi ta kuka ba ƙaƙƙautawa, saƙonnin kwana huɗu suna turereniya. Na sama-sama daga wani abokin aikina ne, yana tambaya ina kifin, a turo hoto. Na duba abin da na ɗauka: duwatsu, ruwa, wani zalɓe da bai fito sosai ba, sai Kawu a ranar ta uku, ya jingina da rumfa, hula ta rufe masa ido, baki a ɗan buɗe, sanda a hannu. Shi na tura.

"Me ka tura?"

Na nuna masa. Ya sa tabarau ya duba da kyau.

"Ba barci nake yi ba," in ji shi. "Goge."